Bali ko Morishiyas: Ina Mutumin Jos Zai Kai Kuɗinsa In Tsaunuka da Tafkuna Yake So?

Mutumin Jos ba baƙon dutse ba ne. Garin kansa yana zaune a kan tudun da ya haura mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar duwatsun Shere ta wuce mita 1,800, kuma duk mai zirga-zirga tsakanin nan da Abuja ya san yadda kunne ke toshewa a Hawan Kibo. Don haka idan irinmu ya yi tanadi ya ce zai je wani tsibiri ya zaga tsaunuka da tafkuna a mota, ba kowane tudu ne zai fanshe masa kuɗin jirginsa ba. Sunaye biyu ne suka fi yawo a bakin masu irin wannan niyya a 'yan shekarun nan: Bali ta ƙasar Indonesiya, da Morishiyas da ke tekun Indiya, gabas da Madagaska. A hoto Ɗanjuma ne da Ɗanjummai, ko'ina kore shar, ruwa shuɗi. In an sauka kuwa, tafiye-tafiye biyu ne da ba su haɗa hanya ba, kuma wanda ya zaɓa da hoto kaɗai yana iya dawowa da cizon yatsa.

Zan fara da abin da masu tallar yawon buɗe ido ba sa son farawa da shi, wato fasfonmu. Morishiyas tana cikin ƙasashe ƙalilan da mai koren fasfo ke samun biza a filin jirgi idan ya sauka, ta mako biyu, muddin ya nuna tikitin komawa, da shaidar ya kama masauki, da shaidar yana da kuɗin da zai riƙe kansa. Ba wai da ganinka za a ce lale marhabin ba. Jami'an shige da fice suna tambaya sosai, kuma wanda takardunsa suka yi gardama ana iya juyo shi. Amma dai ƙofar a buɗe take. Indonesiya kuwa ta daɗe da sa Najeriya a jerin ƙasashen da ake yi wa bizarsu tantancewa ta musamman. Mutanen ƙasashe da yawa suna sauka a Denpasar, babban birnin Bali, su biya, a buga musu hatimi su wuce, mu kuwa sai an samu wanda zai tsaya mana a can, an tura takardu Jakarta, an zauna jira. Ofishin jakadancin Indonesiya yana Abuja, kuma kada kowa ya yanki tikiti sai ya ji daga bakinsu, domin dokar biza ba ta zama wuri ɗaya. Katin rigakafin shawara kuwa Indonesiya tana nema daga wanda ya taso daga Najeriya.

Babu jirgin da ke tashi daga Abuja ya dire kai tsaye a ɗayansu. Mai zuwa Morishiyas yakan bi ta Nairobi ko Santambul ko Dubai. Daga Nairobi awa 4 ne da 'yan mintuna. Mai zuwa Bali yakan bi ta Doha ko Santambul, kuma daga Doha kaɗai akwai kusan awa 10 a sama. Agogon Morishiyas yana gaban namu da awa 3, na Bali da awa 7. Wanda zai tafi da tsohuwa ko da yara ƙanana ya san bambancin ba ƙarami ba ne, domin a Bali ranar farko barci ne ke cinye ta.

Yanzu sai duwatsun kansu, kuma a nan ne na fi son mutumin Jos ya buɗe ido. Wuri mafi tsayi a duk Morishiyas shi ne Piton de la Petite Rivière Noire, mita 828. Ma'ana, mai sayar da dankali a Farin Gada ya fi wanda ya wahala ya hau ƙololuwar Morishiyas kusanci da sama da kusan mita 400. In tsayi kake nema, ko sanyin da zai sa ka nemi bargo biyu, a gida ka baro su. Abin da duwatsun can suke da shi siffa ce: tsini-tsini, a tsaye cak, sun fito daga tsakiyar gonakin rake ba tare da wani tudu ya share musu fage ba, ga teku a bayansu. Akwai Pieter Both mai mita 820, da wani ƙaton dutse a ɗore a kansa kamar da hannu aka aza, wanda ya san duwatsun Riyom zai gane irin abin da nake nufi. Bali kuwa wani sha'ani ne daban. Dutsen Agung ya haura mita 3,000, ya fi Chappal Waddi na Taraba, wanda shi ne mafi tsayi a Najeriya da mita 2,419. Kuma dutse ne mai rai: aman wutar da ya yi a 1963 ya hallaka mutum fiye da 1,000, a ƙarshen 2017 ma tokarsa ta sa an rufe filin jirgin tsibirin na 'yan kwanaki. Bali ta ninka babban tsibirin Morishiyas kusan sau uku a faɗi, kuma tsakiyarta duk jerin duwatsu masu aman wuta ne, da tafkuna huɗu a cikin ramukansu.

Hanyar da ake bi a ga uku daga cikin tafkunan nan ita ce wadda ta tashi daga Denpasar ta miƙe arewa zuwa Singaraja. Daga Denpasar zuwa Bedugul kilomita 50 ne ko sama kaɗan, tafiyar Abuja zuwa Keffi ke nan, amma ka ware awa biyu, in ka taso daga unguwannin bakin teku na kudu ma fiye da haka. Rabin farko babu abin gani sai cunkoso da babura. Daga nan hanya ta fara hawa, gonakin shinkafa su ba da wuri ga kabeji da karas da albasa mai lawashi, iska ta canza, ka ga mutane sanye da rigunan sanyi. Tafkin Beratan yana kan tsayin kusan mita 1,200, daidai da Jos, kuma jikinka zai gaya maka haka kafin a gaya maka. A bakinsa akwai wurin bautar 'yan Hindu na Ulun Danu Beratan da aka gina a ƙarni na 17, wanda hotonsa ya taɓa hawa kan takardar kuɗinsu ta rupiya 50,000. Idan ruwa ya cika sai ginin ya zama kamar yana shawagi a kan tafkin. Wurin yana cika maƙil da baƙi tun daga hantsi, saboda haka mai son ganinsa da natsuwa sai ya yi sammako.

Ni abin da ya fi kama zuciyata a Bedugul ba ginin nan ba ne, kasuwar Candikuning ce da ke sama da shi kaɗan. Mata sun jera sitiroberi a ƙananan kwanduna, ga masara ana gasawa a kan gawayi ana shafa mata man shanu da yaji, ga ƙullin kanumfari da kirfa da citta, ga tururi na tashi daga tukunyar gyaɗa dafaffa. Da yawa daga masu sayarwar sanye suke da hijabi, domin garin yana da tsohuwar al'ummar Musulmi, kuma babban masallacinsu, Al-Hidayah, yana kan tudu yana kallon tafkin. Ka hau matakalarsa ka yi alwala da ruwa mai sanyin ƙanƙara, ka idar da azahar, ka fito baranda ka ga tafkin gaba ɗaya a ƙasanka, gajimare na saukowa daga dutsen da ke ƙetare. Wannan kallo kyauta ne, kuma a ganina ya fi wanda ake biya a ƙasa.

Daga nan hanya ta ƙara hawa da kwana-kwana, birai sun yi layi a gefen titi suna jiran mai miƙo ayaba. A Wanagiri sai ka bar babbar hanyar ka karya hagu, ka hau wani siririn titi da ke bin doron tudu. Nan ne zuciyar tafiyar take. A hagunka, can ƙasa, tafkuna biyu ne tagwaye, Buyan da Tamblingan, wani guntun daji ya raba su; a damanka ƙasa ta gangara har teku, in sama ta washe kana hango shi. Babu manyan otal-otal a bakin Tamblingan, babu jiragen ruwa masu inji, sai kwale-kwalen itace da dajin da bai san gatari ba sosai. Abin da ya kamata ka sani shi ne hazo. Da safe komai tas yake, amma da rana ta karkata sai farin hazo ya taso daga tafkin ya rufe titin, har motar gabanka sai fitilarta kawai kake gani. Masu zuwa yini ɗaya daga kudu su ne ke isowa daidai lokacin da ya rufe, su tsaya su ɗauki hoton farin bango su koma. Shi ya sa nake cewa duk wanda ya zaɓi Bali don tafkuna, ya kwana a Munduk, ƙauyen da ke gaba kaɗan a kan gangara. Gonakin kanumfari ne da kofi suka kewaye shi tun zamanin mulkin Holan, kuma a lokacin girbi za ka ga an shanya kanumfari a kan tabarmi a bakin titi, ƙamshinsa ya cika motar ko gilashi a rufe yake. Akwai magangarun ruwa da ake takawa a ƙafa daga ƙauyen. In an ci gaba da gangarawa sai a faɗa gaɓar arewa, Lovina mai baƙin yashi da Singaraja, tsohuwar hedikwatar tsibirin.

Tafki na huɗu, Batur, shi ne mafi girma, kuma yana gabas, yini guda ne na kansa. Kana isa Penelokan a yankin Kintamani sai ƙasa ta buɗe a gabanka: wani makeken rami ne da tsohon aman wuta ya bari, a tsakiyarsa dutsen Batur mai mita 1,717, a gefensa tafkin ya lanƙwashe, ga baƙin dutsen da ya narke ya daskare shimfiɗe a gindinsa, har yau ciyawa ba ta gama rufe shi ba. A 1926 wutar ta cinye ƙauyen Batur, mutanen suka kwashe wurin bautarsu suka hau da shi bakin ramin inda yake yanzu. Muna da namu ƙaramin misali a Filato, tafkin Pidong na Ampang ta ƙasar Mangu, shi ma a bakin tsohon dutsen wuta yake, amma Batur ya ninka shi nesa ba kusa ba. Ana iya gangarawa har bakin ruwan, inda ake noman albasa da tumatir, ake kiwon karfasa a keji, ga maɓuɓɓugar ruwan zafi a Toya Bungkah. Sai dai titin gangarar yana da tsayi ƙwarai, kuma manyan motocin yashi suna hawa da sauka a kansa duk yini. A kan hanyar Bedugul kuma, wanda ke da lokaci ya ratse Jatiluwih ya ga gonakin shinkafa da aka sassaƙa hawa-hawa a jikin tudu. Tsarin rabon ruwansu, subak, ya haura shekara dubu, manoma ne da kansu ke zama su tsara wa zai sha yau wa zai sha gobe, kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 2012. Duk wanda ya taɓa ganin rigimar ruwa tsakanin masu noman rani zai tsaya ya yi tunani a wurin.

Morishiyas ba ta da wannan yalwar, kuma ba laifi ba ne a faɗa. Tsawon tsibirin kilomita 65 ne, faɗinsa 45, wato tsawonsa kusan rabin tafiyar Jos zuwa Bauchi. Hanyar duwatsu da tafkuna ɗaya ce tak, a kudu maso yamma, kuma ana gama ta a yini ɗaya ba tare da gaggawa ba. Ana farawa daga Curepipe, garin da ya fi ko'ina ruwan sama da sanyi, a leƙa Trou aux Cerfs, ramin tsohon dutsen wuta da ke cikin gari, mutane na zagaya bakinsa suna motsa jiki. Sai a miƙe kudu a wuce Mare aux Vacoas, madatsar ruwa mafi girma a ƙasar. Tana da kyau, itatuwa sun kewaye ta, amma wanda ya san dam ɗin Usuma ko na Lamingo ba zai daɗe a tsaye ba. Tafkin da ake zuwa dominsa shi ne Grand Bassin, wanda 'yan Hindu ke kira Ganga Talao. Tun daga nesa za ka ga titi ya yi faɗin da ya fi ƙarfin motocin da ke kansa, ga mutum-mutumin Shiva, abin bautar 'yan Hindu, mai tsayin mita 33 a tsaye a bakin hanya. Dalilin faɗin shi ne bikin Maha Shivaratri, a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da dubban ɗaruruwan mutane ke takowa a ƙafa daga kowane lungu na tsibirin. Tafkin kansa ƙarami ne, a zagaye ake ganin ƙarshensa, kuma wurin ibada ne kafin ya zama wurin kallo. Baƙo yana iya tsayawa daga gefe ya gani ba tare da ya shiga hidimar kowa ba, ya sa suturar mutunci, ya kuma riƙe jakarsa da kyau saboda birai.

In da a tafkuna aka tsaya, da Bali ta yi wa Morishiyas fintinkau an tashi. Amma abin da ke gaban Grand Bassin shi ne dalilin da ya sa ban yarda a raina ta ba. Titin ya ratsa Plaine Champagne, tudun da ke cikin gandun dajin Black River Gorges, wanda aka keɓe a 1994. Akwai wuraren tsayawa biyu, ɗaya a magangarar ruwan Alexandra, ɗaya a bakin babban kwazazzabon, inda kake kallon daji ya nutse ƙasa, fararen tsuntsaye masu dogon bindi suna shawagi a ƙarƙashin ƙafarka. A dajin nan ne aka ceto wani ƙaramin shaho na ƙasar da a 1974 guda 4 kacal suka rage a duniya. Tsibirin da ya riga ya yi asarar tsuntsun dodo tun ƙarni na 17 ya koyi darasi. In an zo wajen watan Afrilu kuma za ka ga iyalai sun ajiye motoci a gefen titi sun shiga daji da bokitai suna tsinkar wata 'yar jar gwaiba mai tsami, ana sayar da ita da gishiri da barkono. Daga nan sai Chamarel, da magangarar ruwanta mai kusan mita 100, da ƙasar nan mai launi bakwai da ta cika hotuna. Gaskiya wurin bai kai girman sunansa ba, fili ne ɗan ƙarami da aka killace ana karɓar kuɗin shiga, launukan kuma daga sinadaran ƙarfe ne da ke cikin dutsen da ya ruɓe. A gani a wuce.

Gangarar da ke bayan Chamarel ita ce ladan yinin. Titin yana sauka da kwana bayan kwana zuwa Case Noyale, kuma a wata kwana sai itatuwa su buɗe ka ga teku gaba ɗaya, ruwan kusa da gaɓa kore-kore mai haske, na nesa shuɗi mai duhu, farin kumfa ya ja layi a tsakaninsu. Cikin minti ashirin ka baro sanyi da hazo ka iso inda masunta ke gyaran koma. Wannan ne abin da Jos ba ta da shi, kuma ko a Bali ba ka samun sa da irin wannan sauƙi. A hagu kuma ga Le Morne, dutse mai mita 556 da ya shiga cikin teku. Bayin da suka gudu daga gonakin rake, waɗanda aka kwaso daga Afirka da Madagaska, a kansa suke ɓuya. Mutanen wurin suna ba da labarin cewa da aka soke bauta a 1835 aka tura jami'ai su sanar da su, sai suka zaci kama su aka zo yi, wasu suka faɗo daga saman dutsen. UNESCO ta karɓi wurin a 2008. Ban ga yadda ɗan Afirka zai tsaya a gindin dutsen nan jikinsa bai yi sanyi ba. Daga nan titin bakin teku ya wuce kwanar Macondé, inda kwalta ta zagaye wani dutse ruwa na dukan gefenta, har zuwa Souillac. Mai son shayi kuma yana iya komawa ta Bois Chéri, gonar ganyen shayi da ke aiki tun ƙarshen ƙarni na 19, wadda za ta tuna wa wanda ya je Mambila da Kakara.

Lokacin da ƙanwata da mijinta, mazauna Gwarinpa, suke wannan shawara, ita ce ta kira ni. "Yaya, kai dai ka faɗa mana wanne ya fi kyau." Na ce mata, "Kafin wannan, wa zai riƙe sitiyari?" Mijin yana gefe ya ce, "Ni mana, Yaya, ai shi ne daɗin abin." To a nan ne maganar ta rabu, domin duka tsibiran biyu a hagu ake tuƙi, sitiyari a dama, giya a hannun hagu. Mu mun bar wannan tsari tun Afrilun 1972, sai dattawa irin su kawu ne ke tuna shi. A Morishiyas mutum yana sabawa cikin yini: akwai babban titi mai hannu biyu daga filin jirgi zuwa Port Louis, babban birnin ƙasar, har arewa, alamomin hanya a bayyane suke, mutane suna jin Turanci duk da cewa Kiriyol da Faransanci suka fi yawa a baki. Abin kiyayewa shi ne shataletale, inda hannu ke son komawa tsohon sabo, sai titunan ƙauye marasa kafaɗa da lambatu a gefe, da karnuka, da bas-bas masu gudu, da na'urorin kama masu wuce ƙa'ida da suke ko'ina. Ka ɗauki mota mai canza giya da kanta, ka yanki lasisin ƙasa da ƙasa tun daga gida, shi ke nan.

A Bali kuwa shawarata kada ka tuƙa. Ba don ba ka iya ba. Wanda ya saba da Mararaba da Nyanya da safe ba a koya masa haƙuri. Matsalar ita ce tituna sirara ne, babura suna fitowa ta hagu da dama a lokaci ɗaya, jerin gwanon masu bikin addini yana iya tare hanya ba sanarwa, kuma in aka yi tsautsayi kai ne baƙon da ba ya jin yaren. Hayar mota da direbanta na yini abu ne da kowa ke yi a can, kuma direban ya san inda hazo ke fara sauka da inda za ka ci halal. Hayar babur da matasa ke ɗoki kuwa, a titin Wanagiri mai santsi, ban ba kowa shawara ba. Sai dai a sani cewa tafiya da direba ba ɗaya take da wadda kai ne ke tsayawa inda ranka ya so ba. Wanda tuƙin ne kansa ke ba shi nishaɗi, kamar surukin nan nawa, Morishiyas ce tasa.

Batun ci da salla yana da nauyi a wurinmu, kuma a nan abin ya zo a juye. Indonesiya ce ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye, amma Bali ita ce togaciya: kusan kashi 87 cikin 100 'yan Hindu ne, kuma abincin da suka fi alfahari da shi gasasshen alade ne, babi guling. Ba a rasa halal, sai dai da lura: ka nemi shagon da aka rubuta warung Muslim, ko gidajen abincin Padang, waɗanda ke jera kwanuka a taga, shinkafa da nama mai kwakwa da yaji da bakin Bahaushe zai karɓa nan take. A kauce wa taka 'yan ƙananan kwandunan furanni da suke ajiyewa a ƙasa a bakin ƙofofi, abin ibadarsu ne. A Morishiyas Musulmi sun kai kusan kashi 17 cikin 100 kuma a warwatse suke a duk tsibirin, masallaci ba ya wuyar samu a garuruwa, babban masallacin Juma'a na Port Louis yana nan tun shekarun 1850. Kaza da naman da ake sayarwa da yawansu halal ne, ga biryani, ga dholl puri, wata lallausar waina ta garin wake da ake naɗewa da miya a ci a tsaye a bakin titi. Sai dai a kan hanyar dutsen, daga Mare aux Vacoas har Chamarel, daji ne, a tafi da darduma da ruwan alwala a but. Kirista ma ba zai rasa coci a ko'ina a Morishiyas ba, a Bali kuwa galibi sai a manyan garuruwa.

A kuɗi, Bali tana da tsadar shiga da arahar zama, Morishiyas tana da sauƙin shiga da tsadar zama. A Bali masauki mai tsabta a Munduk da abinci da direba duk suna da rangwame, akwai dai harajin baƙi na rupiya 150,000 da aka fara karɓa a Fabrairun 2024, da 'yan kuɗin shiga a kusan kowane wurin tsayawa. Morishiyas tana shigo da mai da yawancin abincinta daga waje, kuma ana ji a aljihu. Maganinsa a bar manyan otal-otal na bakin teku a kama gida mai kicin a Flic en Flac ko La Gaulette, a yi cefane a kasuwa.

Ni dai in aka matsa mini, ga inda na tsaya. Mai fita karon farko da iyali, mai hutun mako ɗaya ko kwana goma, mai son ya riƙe motarsa da kansa, ya tafi Morishiyas, amma ya tafi da sanin cewa haɗuwar dutse da teku zai gani, ba tafkuna ba. Wanda kuwa tafki a cikin ramin dutsen wuta ne ya hana shi barci, yana da haƙurin biza da mako biyu a hannu, kada ya yaudari kansa da Grand Bassin, ya yi ta bin takardunsa har ya samu Bali, ya kuma ba tsaunukan aƙalla kwana uku maimakon ya ƙare hutunsa a cunkoson Kuta, unguwar bakin teku da ke kudu.

Saura lokaci, kuma a nan sa'a ta zo ɗaya. Duka biyun suna kudu da tsakiyar duniya, don haka lokacin da damina ta kankama a Jos, su suna cikin rani. Bali ta fi daɗi daga Afrilu zuwa Oktoba. Daga Nuwamba zuwa Maris ruwa ne, da zaizayar ƙasa a titunan dutse. A duba ranar Nyepi, ranar shiru ta 'yan Hindun Bali, wadda yawanci ke faɗowa a Maris: tsibirin gaba ɗaya yana tsayawa na awa 24, ba mota, ba fita, har filin jirgi a rufe. Morishiyas ta fi sauƙi daga Mayu zuwa Nuwamba, sanyi-sanyi ba zafi, yayin da Janairu zuwa Maris lokacin guguwar teku ne. Hutun Disamba da yawancinmu ke samu shi ne mafi tsada a duka biyun kuma ba shi ne mafi kyawun yanayi ba. Mai 'ya'ya 'yan makaranta ya nufi dogon hutun Agusta, ya kama masauki da wuri domin Turawa ma lokacin suke zuwa, ya kuma sa rigar sanyin Jos a jaka, zai neme ta a Munduk da dare, zai neme ta a Curepipe da safe.